Shekara tara tana ajiye, amma ba ta daina tsufa ba

Kwamfutar da zan ba ku labarinta ba tawa ba ce tun asali. Ta maigidana ce, wanda ya koya mini zanen taswirar gini, Allah ya jiƙansa. A 2004 ya saye ta, irin manyan nan da ake ƙerawa don aikin ƙarfi: firosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi) biyu, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) mai gane kuskure ya gyara da kansa, da akwatin ƙarfe wanda mutum ɗaya ba ya ɗagawa sai da nishi. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aiki, sau da yawa mukan bar ta kunne ta kwana tana haɗa hoton gini, mu zo da safe mu tarar ta gama. A 2015 muka koma kan sababbi. Ni da hannuna na naɗe wayoyinta, na lulluɓe ta da leda, na tura ta ƙarƙashin wani tebur a ɗakin ajiya. A zuciyata na adana ta ke nan. Abin da ba a taɓawa, me zai cinye shi?

A 2024 aka nemi zanen wani gini da muka yi a 2006. Za a ɗora masa bene, injiniyan kuma yana so ya ga yadda aka jera rodi a cikin ginshiƙai kafin ya yarda. Takardun da aka buga a lokacin sun ɓace. Muna da kwafi a faifan CD, na sa shi a na'ura uku, duk suka yi ta juya shi ba su karanta komai ba. Da na ɗaga shi a haske sai na ga gefensa ya yi dabbare-dabbare. Wuri ɗaya ya rage, cikin waccan kwamfutar. Kuma ba fayil ɗin kaɗai nake bukata ba, har da ita kanta, domin manhajar da muka yi zanen da ita ba ta buɗewa sai an soka wani ɗan mukulli a faffaɗan soket ɗin firinta na da, wanda kwamfutocin yanzu ba su da shi.

Na jawo ta, na goge ƙura, na jona wuta, na danna. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma da ƙaddara ta faɗa wa faifan ajiyar da bayanai ke ciki a ranar, da babu sauran labari. Fankoki suka juya kamar daƙiƙa biyu suka tsaya. Suka sake juyawa suka tsaya. Allo bai kawo komai ba. Na danna har sau biyar ina fatan ta farka, sai wani wari ya fara fitowa ta bayan akwatin, mai tsami-tsami da ɗan ƙarni. Na zare waya.

Akwai wani dattijo abokin mahaifina wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gyaran rediyo da talabijin, daga baya ya koma kan kwamfuta. Shi na kira. Da ya zo bai ko kalli makunnin ba. Ya ce, "Ɗana, sau nawa ka kunna ta?" Na ce, "Sau biyar, Baba." Ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya yi shekara tara a kwance ba a ce masa tashi ka yi gudu. Kawo sukundireba."

Muka cire murfi. Ya ce in sunkuya in shinshina kusa da firosesa, ruwa ba ya tsami banza. Sannan ya haska tocila ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye da ke jere a kan madabod, babban allon da komai ke jone a jikinsa, kamar sojoji. Kafasitoci ke nan. Ya kamata kan kowace ya zama shafaffe, da ɗan tsagi mai kama da gicciye ko harafin K. Guda bakwai sun kumbura, kawunansu sun yi tozo. Biyu sun fashe ta wurin tsagin, wani abu mai launin ƙasa ya fito ya bushe a kansu. Ɗaya kuwa ta ƙasa ta yi yoyo, ta karkace, robar da ke toshe gindinta ta turo waje.

A nan na fara fahimtar abin da har yanzu nake gaya wa duk wanda ya ce mini kwamfutarsa ta tsufa. Mu a tunaninmu kwamfuta ƙarfe ce da silikon, busasshen abu marar rai. Ashe cike take da ruwa da maiƙo da roba, kuma ta nan tsufa ke shigarta. Cikin kowace irin wannan kafasitar akwai siririn fallen alminiyam biyu da aka naɗe da takarda a tsakani, takardar kuma jiƙe take da wani ruwan sinadari. Aikinta ta riƙe wuta ta daidaita ta, don firosesa ya samu wuta mai santsi ba mai tsalle-tsalle ba. Ruwan nan a hankali yake tsira ta jikin robar gindi, ko ana aiki ko ba a yi. Idan ya ragu, kafasitar ta daina tace wutar da kyau, ta fara zafi, zafin ya ƙara busar da ita. Haka abin ke cin kansa.

Masu ƙera su suna rubuta iyakar zafin a jikin gwangwanin, sau da yawa digiri 105, a takardar bayaninta kuma a ce za ta yi awa 2,000 a wannan zafin. Awa 2,000 bai kai wata uku ba. Abin da ke ceton ta shi ne wata ƙa'ida da injiniyoyi ke aiki da ita: duk digiri 10 da aka rage, rayuwarta na ninkawa. A digiri 95 awa 4,000, a 85 awa 8,000, haka har a digiri 65 ta kai awa 32,000, wato sama da shekara uku da rabi idan ba a kashewa. A digiri 45 kuwa awa 128,000, sama da shekara goma sha huɗu. Da Baba ya lissafa mini wannan a bayan takarda sai na tuna inda muke ajiye kwamfutar a ofis, manne da bango, an ɗora mata takardu a kai, ramukan iskarta cike da ƙura. Mu da kanmu muka riƙa rage mata kwana ba mu sani ba. Ƙura ba datti ba ce kawai. Bargo ce da ke riƙe zafi a kan abin da zafi ke kashewa.

Ban da wannan tsufan na yau da kullum, kwamfutocin wancan zamanin sun faɗa cikin wata annoba ta daban. Daga wajen 1999 zuwa 2007 kafasitoci masu yawan gaske suka riƙa kumbura tun ba su yi shekara biyu ko uku ba. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga wasu masana'antu a Taiwan, da ruwan sinadarin da ba a haɗa shi daidai ba: babu abin da ke hana shi cin alminiyam, sai iskar haidurojin ta taru a ciki ta tura murfin. Labarin da ya yaɗu a lokacin shi ne wai satar sirrin haɗin aka yi, aka kwafe shi ba cikakke ba. Ba duk matsalar ce ta fito daga tushe ɗaya ba, amma manyan kamfanoni sun ji jiki. A 2005 Dell ya ware kusan dala miliyan 300 don gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex, wasu iMac G5 na Apple ma abin ya shafe su. Tamu ba ta waɗannan kamfanonin ba ce, kuma tunda ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki, ba zan ce annobar ce ta kama ta ba. Yanzu da nake waiwaye dai ina tuna cewa a shekarunta biyu na ƙarshe takan daskare haka kawai, wani lokacin sai an kunna sau biyu da safe kafin ta tashi. Muka ɗora laifin a kan Windows, muka ce bairos ne, har muka sake zuba mata manhaja gaba ɗaya. Kafasitocin ne suke kuka tun lokacin.

Zaman ajiya kuma ya ƙara nasa. Wannan ne ya fi ba ni mamaki. A jikin fallen alminiyam ɗin akwai wata siririyar fata wadda wutar da ke ratsawa ce ke sabunta ta. Idan aka daɗe ba wuta, fatar takan yi rauni. Ranar da aka sako mata cikakkiyar wuta bagatatan, sai wutar ta riƙa zarcewa ta inda bai kamata ba, kafasitar ta ɗau zafi. Mai yiwuwa biyun da suka fashe, dannawata biyar ce ta ƙarasa su.

Na ce wa Baba to mu fara canza kafasitocin. Ya ce, "Me ka zo nema a cikinta?" Na ce zane. Ya ce, "To zanen a kan bod yake?" Ya sa na kwance faifan ajiyar tukuna, muka ajiye shi gefe a kan tawul. Hujjarsa ita ce akwatin wuta, wanda ke raba wa sassan kwamfutar wuta, idan ya tsufa yana iya sako wutar da ta wuce ƙa'ida, ya ƙona faifan a daƙiƙa guda. Komai na cikin akwatin nan ana iya samun madadinsa ko a gyara, ban da abin da ke rubuce a wannan faifan.

Faifan ajiya irin na da inji ne na gaske. Akwai faranti masu juyawa sau 7,200 a minti, da wasu 'yan allurai masu karatu da ke shawagi a samansu kan iskar da juyawar ke haifarwa, tazararsu da farantin ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba ko kusa. Akwai mota, akwai boris, akwai man da ke cikin boris ɗin. Idan aka ajiye shi shekaru, man yakan yi kauri. A tsofaffin faifai da allurar ke sauka ta kwanta a kan farantin idan an kashe, takan manne, motar ta kasa fizge ta. Akwai ma wasu na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 da ɗan robar da ke tare hannun allurar ke narkewa ya zama kamar kwalta, ya riƙe hannun gam. A 2024 kamfanin adana bayanai na Iron Mountain ya ce kusan kashi 20 cikin 100 na faifan shekarun 1990 da masana'antar kiɗa ta aiko musu sun ƙi karantuwa. Waɗannan mutane ne da suka ɗauka sun adana aikinsu, kamar yadda na ɗauka.

Muka jona namu a wata kwamfuta mai lafiya. Na kasa kunne. Ya yi wani gurnani, ya yi shiru, sannan sautin juyawa ya fara hawa har ya daidaita. Ban taɓa jin daɗin ƙarar inji kamar ranar ba. Hannuna ya tafi zai buɗe jakar zanen, Baba ya riƙe ni. Ya ce kada in yi yawo a ciki, a kwafe shi ɗungurungum tukuna, domin ba mu san minti nawa ya rage masa ba. Muka yi amfani da wata manhaja ta Linux mai suna ddrescue. Dabararta mai kyau ce: takan fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sai ta gama sannan ta dawo ta lallaɓa su. Ta haka ko faifan ya mutu a tsakiya, an riga an tsira da mafi yawa. Kwana ɗaya da wuni aka yi. Wasu 'yan gurabe sun ƙi har ƙarshe, amma ba su faɗa kan zanen ba.

Faifai suna da wani littafin lafiya a cikinsu da ake kira SMART, inda suke rubuta awannin da suka yi suna aiki da yawan guraben da suka lalace aka sauya musu wuri. Namu ya nuna sama da awa 40,000, da gurabe masu yawa da aka sauya. Yana da kyau mutum ya riƙa duba wannan, amma kada ya saki jiki da shi. A 2007 Google ta fitar da bincike a kan faifai sama da 100,000 da take amfani da su. Ta gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a saman farantinsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. A binciken dai, sama da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko ɗaya. Wato idan ya yi gargaɗi ka yarda da shi, idan ya yi shiru kada ka ɗauka lafiya ce.

Wani zai ce ai yanzu SSD ake yayi, sabon nau'in faifan ajiya da ba ya juyawa, ba shi da boris. Gaskiya ne, kuma ni ma shi nake amfani da shi. Sai dai shi ma a matsayin ma'ajiya ta dogon zango ba abin dogaro ba ne, domin bayanan cikinsa wuta ce da aka kulle a 'yan ɗakuna, tana kuma zurarewa a hankali. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC da masana'antar ke bi ta ce SSD na mutane wanda ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Na manyan ma'aikatu kuwa wata uku a digiri 40. Sabo yakan wuce haka nesa, amma wanda ya sha aiki ba na jefawa a aljihun tebur ba ne shekara tara. Wani lokacin ma lissafin awanni kaɗai ke kashe shi. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu SSD ɗinsa za su mutu daidai lokacin da suka cika awa 32,768 idan ba a sabunta manhajar cikinsu ba, saboda kuskure a ma'aunin ƙirga awannin. Waɗanda aka kunna rana ɗaya, rana ɗaya za su tafi.

Da hankalina ya kwanta a kan zanen, muka koma kan gawar. Batirin agogo, ɗan zagayayyen nan CR2032 mai bolt 3, mita ta nuna ya kusa sifili. Shi ke riƙe kwanan wata da saitin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, idan an zare wuta. Mutuwarsa abu ne mai sauƙi, amma tana rikita mutane: kwanan wata ya koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, wani lokacin kwamfutar ta manta yadda aka saita faifanta ta ce ba ta ga komai ba. Na san waɗanda suka yar da lafiyayyar kwamfuta a kan wannan. Mu mun yi sa'a irin wannan batirin ba kasafai yake yoyo ba. Baba ya ce na zamanin tsofaffin kwamfutocin 386 da 486 su ne mugaye, wasu masu kama da ƙaramar ganga da aka liƙa a jikin bod. Idan suka tsufa sai su zubar da ruwa mai cin jan ƙarfe, ya bi siraran hanyoyin wutar yana mai da su kore-kore har su tsinke, kwamfutar kuwa tana zaune a kabad ba wanda ya taɓa ta.

Ya kuma ba ni labarin kwamfutocin aikin ƙarfi na kamfanin Sun, irin SPARCstation da suka fara fitowa a 1989. A cikinsu batirin a binne yake cikin wani guntun cif da ke riƙe agogo, kuma a wannan cif ɗin ne aka rubuta lambar shaidar kwamfutar da adireshinta na sadarwa. Ranar da batirin ya ƙare, sai ta tashi ta manta ko ita wace ce. Manhajoji masu tsada da aka ɗaure lasisinsu da lambar su ƙi aiki. Masu son irin waɗannan injinan har yau suna goge jikin cif ɗin da zarto har su kai ga wayoyin batirin ciki, su liƙa sabo daga waje, sannan su sake rubuta lambar da hannu, idan an yi dace wani ya taɓa kwafe ta a takarda. Wannan labarin ya tsaya mini a rai. Injin da aka yi manyan ayyukan kimiyya da shi, ɗan batiri ya raba shi da sunansa.

Canjin kafasitocin ya ci mu yamma biyu. Madabod na irin wannan kwamfutar hawa-hawa ne, da faffaɗan jan ƙarfe a ciki mai shanye zafi, don haka dalmar ba ta narkewa da sauƙi, kuma wanda ya yi gaggawar fizge ƙafar kafasita zai tsinke hanyar ciki da ba a iya gani. Baba bai tsaya kan goman da suka nuna alama ba. Duk 'yan jerin nan ya cire, ya ce shekarunsu ɗaya, zafin da suka sha ɗaya, kuma kafasita tana iya bushewa ƙarƙaf ba ta kumbura ba. Ya gwada wasu da kansu ke shafe lumui, mita ta nuna sun tafi. Ni aikina riƙe tocila da karanto masa lambobin jiki, da lura da ɓangaren da ke da farin layi, domin idan aka juya ta baibai fashewa take yi.

Akwatin wuta kuwa ya hana ni taɓawa, kuma ni ma ina roƙon mai karatu kada ya buɗe shi idan ba aikinsa ba ne. Manyan kafasitocin ciki suna iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya. Da ya gwada shi, layin bolt 12 yana faɗuwa ƙasa da 11 da zarar an ɗora masa kaya, alhali ƙa'ida ba ta yarda ya kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Mafi lalacewa shi ne ɗan sashen da ke ba da bolt 5 na jiran aiki. Wannan sashen ba ya barci matuƙar waya na jikin soket, ko an kashe kwamfutar, ga shi fanka ba ta juyawa a lokacin balle ta sanyaya shi. Shekara goma sha ɗaya bai huta ba sai in wuta ta ɗauke. Da akwatin irin na gama-gari ne da mun sauya shi kawai, amma masu ƙera manyan kwamfutoci suna son yin nasu fasalin da nasu soket, don haka dole aka gyara shi.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma kowanne da nasa. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli, sai da muka kankare muka wanke da sifirit. Fanka ɗaya ta ƙafe, giris ɗinta ya daskare. Ƙafafun roba na ƙasan akwatin sun narke sun manne da leda. Tiren CD ya ƙi fitowa saboda ɗan bel ɗinsa ya saki. Wani maƙalin roba da ke riƙe katin hoto, ina taɓa shi ya karye kamar busasshen kara, abin da a da muke lanƙwasawa ba fargaba.

Da muka haɗa muka kunna, sai ta yi ƙara ta ƙi kawo hoto. Gabana ya faɗi. Baba ya zare RAM ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya goge haƙoransu na zinariya, ya hura ramukan, ya mayar. Ta tashi. Muka bar manhajar Memtest86 ta kwana tana gwada su, ba ta samu kuskure ko ɗaya ba. Firosesa biyun nan kuwa, da muka ɗauka su ne suka gaji, lafiyarsu ƙalau, gudunsu na 2004 bai ragu da komai ba. Mutane suna cewa kwamfuta ta tsufa ta rage sauri, kamar firosesa yana gajiya irin ta ɗan Adam. Yawanci ba haka ba ne. Ko dai zafi ya yi masa yawa yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, ko faifai yana ta maimaita karatun gurbin da ya lalace, ko kuma manhajojin ne suka yi nauyi.

Ba ina cewa silikon ba ya tsufa ba. Wutar da ke bi ta siraran wayoyin cikin cif takan tura ƙwayoyin ƙarfen kaɗan-kaɗan har wuri ya sirance, kuma zafi da yawan wuta na hanzarta hakan. A Janairun 2011 Intel ya janye wasu cif na madabod saboda an gano mahaɗan faifansu za su riƙa lalacewa da tafiyar lokaci. Dalmar da ke ƙarƙashin manyan cif ma takan tsage saboda kumburi da motsewar zafi da sanyi na kullum. Amma a akwatin da na buɗe da hannuna, duk abin da ya mutu mai ruwa ne, ko mai maiƙo, ko roba, ko batir. Masu tsadar suna nan daram.

Wannan ya sa nake jin ciwo idan na ga an tara irin waɗannan injinan a matsayin shara. Da yawansu ɗan abu ne ya kwantar da su. A ɗaya gefen kuma ba na goyon bayan masu jingina muhimmin aiki a kan tsohuwar kwamfuta ba tare da wani tanadi ba. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje da masana'antu da maɗaba'u da har yau injin mai tsadar gaske yake rataye a wuyan kwamfuta ɗaya mai shekara ashirin, saboda katin da ke sarrafa shi ba ya shiga sabuwa. Na fahimci dalilinsu, tunda ni ma abin da ya mayar da ni ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar ta haka har ranar da za ta ƙi tashi. Mai irin wannan ya kwafi faifanta ɗungurungum tun tana numfashi, ya ajiye a wuri biyu, ya rubuta saitin BIOS da lambobin lasisi a takarda, ya nemi 'yar'uwarta ya ajiye saboda kayan gyara. Kuma ya raba ta da intanet. Tamu Windows XP ce a kai, wadda Microsoft ya daina ba ta kariya tun Afrilun 2014, don haka ban ko soka mata wayar sadarwa ba.

Daren da ta tashi sosai, na zuba kwafin a wani faifai mai lafiya, na soka ɗan mukullin a bayanta, na buɗe manhajar. Zanen ya fito layi bayan layi a hankali, yadda na saba gani. Ginshiƙai goma sha biyu, kowanne da jerin rodinsa. A gefen na kusurwar gabas akwai rubutu da jan launi, irin wanda maigidana yake barin mana a kan shafin da ba a bugawa: a ƙara duba wannan kafin a zuba kankare. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na fitar da zanen a fasali uku daban-daban, har da PDF, na buga biyu a takarda, na aika wa injiniyan tare da wannan jan rubutun.

Ban mayar da ita ƙarƙashin teburin ba, kuma ban sake lulluɓe ta da leda ba, domin Baba ya ce leda tana tara laima. Tana kan wani benci inda iska ke ratsawa. Duk bayan wata uku ina kunna ta ta yi awa ɗaya ko biyu. A cikin murfinta na manna takarda da ranar da aka canza kafasitoci, da ranar batir, da ranar man firosesa, da saitin BIOS ɗinta layi-layi. Fankar baya har yanzu tana ɗan karkarwa a minti biyar na farko kafin ta daidaita. Soket ɗinta mai ƙafa biyar ne, ba irin na gama-gari ba, kuma ina nan ina neman irinta.